Babi Na Biyar: Ina Za Mu Kai Shi?

Akwai wata tambaya da ake yi a cikin birnin Kano wadda ba a yin ta a bakin kasuwa ko a dandali, sai dai a ƙuryar ɗaki bayan sallar lisha, ko a soro bayan baƙi sun watse, murya ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji. Uba ne zai dubi ƙanensa, ko uwa ta dubi aminiyarta, bayan an shafe wata da watanni ana ɓoye abin da ya ƙi ɓoyuwa, a ce, "To, yanzu ina za mu kai shi?" Wanda ake magana a kansa kuwa, ko dai saurayi ne da ƙwaya ta ci ƙarfinsa har ya soma kwasar kayan ɗakin mahaifiyarsa yana sayarwa, ko mai jego ce da barci ya ƙaurace mata tun ranar suna, tana ta maganar da ba kai ba gindi, ko kuwa magidanci ne mai mutunci wanda kasuwa ta juya masa baya a Kantin Kwari, ya shige ɗaki ya ja ƙofa, ko jam'i ya daina fita.

Amsoshin da aka saba bayarwa sanannu ne. Wani ya ce a kai shi wurin malam a yi masa ruƙiyya, a ba shi rubutu ya sha, domin wannan aikin iska ne ko sammu. Wani ya ce a nemi inda za a tsare shi a hore shi har ya dawo hayyacinsa. Wani ya ambaci cibiyar gyaran hali ta Ƙiru, ko ofishin hukumar NDLEA. In abu ya ta'azzara har an fara fashe-fashe, sai a ambaci sunan da kowa ke gudu, wato Dawanau, sunan da yaran birni suka mayar abin tsokana tun ba su san abin da ake yi a wurin ba. Abin da ban cika jin an ambata ba shi ne ɗan asibitin nan na unguwa, inda matan gida ke zuwa awo, ake kai jarirai rigakafi, alhali kuwa in aka bi ƙa'idar da ƙasar nan ta rubuta wa kanta da hannunta, nan ne ƙofar farko da ya kamata a ƙwanƙwasa. A kan wannan ƙofa babin nan zai yi magana, da kuma mutumin da aka ɗora wa amanar tsaronta.

Rijiya ɗaya ba ta shayar da birni

A shekarar 2018 hukumar ƙididdiga ta ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, suka yi bincike a faɗin Nijeriya, aka fitar da sakamakonsa a farkon 2019. Binciken ya nuna mutum miliyan 14.3, daga masu shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da wani abin maye, ban da giya da taba, cikin shekarar da ta gabaci binciken. A Jihar Kano an ƙiyasta mutum 16 cikin kowane 100, wato fiye da mutum miliyan ɗaya. Kafin nan, a 2017, an faɗi a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalbar kodin miliyan uku kowace rana a Kano da Jigawa. Kuma ko da mai karatu ya ɗauki wannan adadi a matsayin ƙiyasin 'yan majalisa, wanda bai kai awon masu bincike ƙarfi ba, duk wanda ya taɓa leƙa kwatar lungunan birni a wancan lokaci ya ga kwalaben da idonsa. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da rahoton bidiyo a kan cinikin kodin, aka nuna samari ɗaure da sarƙa a wata cibiya da ke Ɗorayi, kashegari Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. An toshe kafa ɗaya ke nan, amma tiramadol da roci da Exol da wiwi da sholisho ba inda suka tafi.

To, sai a dubi ɗaya gefen ma'auni. Likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a Nijeriya duka, ƙasar da jama'arta suka haura miliyan 200, ba su kai 300 ba, kuma da yawansu a manyan asibitocin koyarwa suke. A Kano akwai asibitin Dawanau, wanda daga baya Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi daga hannun jiha, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano. Ko da ɗaya cikin ɗari na mutanen da aka ƙirga ne suka taso neman magani rana ɗaya, ba gadajen da za su ɗauke su, balle a ƙara da masu ciwon damuwa da farfaɗiya da ruɗewar hankali, waɗanda ba su taɓa kai ƙwaya baki ba. Ba laifin waɗannan asibitoci ba ne. Birnin da ke da ƙofofi fiye da goma a ganuwarsa, magabata sun san dalilin da ya sa ba su yi masa ƙofa ɗaya ba.

Abin da aka sani tun dā

Kada mai karatu ya zaci kula da mai taɓin hankali bidi'a ce da Turawa suka zo da ita. Malaman usulu sun ƙirga hankali cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin kiyaye su, tare da addini da rai da zuriya da dukiya. Suka kuma sanya shi sharaɗin taklifi, ta yadda wanda ya rasa shi an ɗauke masa alƙalami, ba a tuhumarsa, sai dai a tuhumi waɗanda aka ɗora wa kula da shi. Asibitin da Ahmad ɗan Tulun ya gina a Masar wajen shekara ta 872 yana da sashe na masu wannan larura. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya wallafa littafi a kan maslahar jiki da ta rai, inda ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili, kamar mutuwa ko hasara, da wanda ke sauko wa mutum ba tare da wani sababi na zahiri ba, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki, magani yake bukata. Wannan bambanci har gobe shi malamin asibiti ke nema in ya zauna da majinyaci.

Amma a aikace, abin da ƙasar Hausa ta fi sani shi ne turu da mari, kuma dokar da Turawa suka kafa a 1916, wadda aka sabunta a 1958, ba ta wuce tsarewa ba: manufarta a kare jama'a daga mahaukaci, warkewarsa ba ta dame ta ba. Wanda ya fara nuna wata hanya a ƙasar nan shi ne Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya soma saukar da majinyata a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowane da ɗan'uwansa mai jinya, su zo asibiti da rana su koma cikin mutane da yamma, har yana shawara da masu maganin gargajiya. A 1991 Nijeriya ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya matakin farko. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP domin koya wa ma'aikatan da ba likitocin ƙwaƙwalwa ba yadda za su gane waɗannan cututtuka su yi maganin masu sauƙi. A Janairun 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta shafe ta 1958, ta tabbatar wa majinyaci haƙƙinsa na ɗan Adam. A takarda dai ba abin da ya rage.

Sai dai takarda ba ta jinya. A Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa, cikin Oktoba aka buɗe wani a Daura, a wannan wata kuma gwamnatin Kano ta ba da umarnin rufe gidajen mari. An yi daidai da aka rufe. Amma iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba don ƙiyayya suka kai su ba, sun kai su ne domin nan kaɗai aka ce musu "kawo shi". Da aka kwance sarƙar, aka mayar musu da yaran gida, tambayar da muka fara da ita ta dawo sabuwa.

Madugu

Jihar Kano tana da mazaɓu 484, kuma manufar hukuma ita ce kowace mazaɓa ta sami aƙalla asibiti ɗaya na matakin farko mai aiki. Wanda ke riƙe da irin wannan asibiti a Dala ko Gwale ko Birni da Kewaye galibi ba likita ba ne: jami'in lafiyar al'umma ne, ko nas, wanda ma'aikata ke kira incaj, mutanen unguwa kuma su ce malamin asibiti. In aka ce shi zai shugabanci aikin lafiyar ƙwaƙwalwa da na shaye-shaye, mutane sukan yi dariya su ce, wanda bai karanta likitanci ba, me zai yi da mahaukaci?

Kuskuren yana cikin fahimtar shugabanci. A zamanin da fataken Kano ke tafiya Gwanja sayen goro, tafiyar wata da watanni, madugu ba shi ne ya fi kowa ƙarfin ɗaukar kaya ba, ba kuma shi ke shiga gaba ba, wannan aikin jagaba ne. Abin da ya mai da shi madugu shi ne ya san inda rijiya take da inda za a yi zango, ya san sarakunan hanya da abin da kowannensu ke karɓa, yana raba gardama tsakanin fatake, kuma in an sauka da yamma ba ya kwanciya sai ya tabbata ba wanda aka baro a daji. Haka shugaban wannan aiki yake. Ilimin da yake bukata na asibiti ana koyar da shi cikin kwanaki kaɗan na horo tare da bibiya: ya iya bambanta ciwon damuwa da ruɗewar hankali da farfaɗiya, ya gane zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa don kada ya kira shi hauka, ya san wanda zai riƙe da wanda zai rubuta wa takarda ya tura Asibitin Murtala da ke bakin Ƙofar Mata, ko Asibitin Malam, ko Dawanau, ba tare da ɓata lokaci ba. Wanda ke maganar halaka kansa, da mai jegon da ake tsoron abin da za ta yi wa jaririnta, da wanda numfashinsa ke yankewa bayan ya sha ƙwaya, waɗannan ba a kwana da su. Ragowar aikin, wanda shi ne mafi yawa kuma mafi wuya, tadbiri ne da riƙon amana, kuma ba a makaranta ake koyonsa ba.

Sutura

Na taɓa raka wani ɗan'uwa wani asibiti, muna zaune a kan benci cikin jama'a, sai mai ba da kati ya leƙo ta taga ya ɗaga murya ya ce masu ciwon ƙwaƙwalwa su koma wancan layin. Ba da mugunta ya faɗa ba, sauƙin aiki yake nema. Amma ɗan'uwan nawa ya tashi kamar zai kewaya, ban sake ganinsa ba sai a gida, kuma an yi shekara kafin ya yarda a sake kai shi ko'ina.

In haka ta faru a wurin da ba a san mutum ba, ina ga cikin ganuwa, inda gida ke jingine da gida, inda mai awon ciki ta auri ɗan wan mahaifin mai gadi, inda in mutum ya fito daga Yakasai ya bi ta Kurmi zuwa Jakara sai ya gaisa da mutum arba'in da suka san kakansa? A birni, abin da ke hana mutum zuwa asibiti da wannan larura ya fi ƙarfin kuɗin mota. Tsoron a ce "gidan su wane akwai hauka" ne, domin maganar in ta fita ba ta tsaya ga majinyaci, sai ta bi ƙannensa mata har ranar da za a zo neman aurensu. Saboda haka hukuncin farko da shugaba mai basira zai yanke shi ne kada a kafa allo a ƙofar ɗaki, kada a ware rana a ce yau ta masu taɓin hankali ce, kada katinsu ya bambanta da na kowa ko da a launi. Mai ciwon damuwa ya zauna a bencin da mai hawan jini ke zaune, a kira shi da sunansa kamar kowa, abin da za a faɗa a faɗe shi bayan an ja ƙofa.

A ƙaddara wata dattijuwa ta shigo da ɗanta, ta zauna ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Malam, don girman Allah kada maganar nan ta fita, ƙannen yaron nan biyu an sa musu rana." Amsar da ta dace ita ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ko mai sharar ɗakin nan ba zai san abin da ya kawo ku ba." Amma kafin ya iya faɗin haka da gaskiya, wajibi ne ya riga ya tara ma'aikatansa duka, har mai shara da mai gadi, ya sanar da su cewa asirin majinyaci amana ce, wanda ya fitar da shi ya ci amana, kuma zai fuskanci hukunci ko da shi ne ya fi kowa iya allura. Mai karatu ya lura kuma dattijuwar "yaron nan" ta ce, ba ta kama suna ba. La'alla ɗan fari ne, kuma alkunya ba za ta bar ta ta zayyana halinsa a gaban baƙo ba. Malamin da ya san mutanensa ba zai matsa mata ba, sai ya ce a turo masa goggon yaron ko kakarsa, a wurinsu zai ji cikakken labari.

Kabad ɗin magani

Magungunan da wannan aiki ke bukata ba su da yawa, kuma mafi yawansu tsofaffi ne masu araha: na ciwon damuwa, na farfaɗiya, na kwantar da ruɗewar hankali, da allurar da ake yi sau ɗaya a wata ga wanda ba ya jure shan ƙwaya kullum. Illa iyaka suna da ɗabi'a biyu da ya kamata kowa ya sani. Ta ɗaya, ba sa aiki nan take. Maganin damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ga alama, kuma in ba a gaya wa dangi haka tun ranar farko ba, a kwana na biyar za su ce bai karɓe shi ba, su koma inda suka fito. Ta biyu, ba sa son yankewa. Mai farfaɗiyar da ya yi wata shida bai faɗi ba, in aka ce masa yau babu, ya je kemis ya saya, alhali ba shi da kuɗin, yana iya faɗuwa a wuta ko a rijiya cikin makon nan, kuma daga ranar unguwa duka za ta yanke cewa maganin asibiti ba ya yi wa wannan ciwo. Saboda haka shugaba ya fi kowa sanin lissafin sito. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya na tushe, akwai kuma tsarin jujjuya kuɗin magani. Amma maganin ƙwaƙwalwa ba ya shiga jerin sayayya sai wani ya tsaya ya rubuta shi, ya bi shi, ya sake bi.

Akwai wani abin mamaki a nan. Exol ɗin da samari ke sha don maye, asalinsa magani ne da ake ba wanda maganin ruɗewar hankali ya sa wa sandarewar jiki da makyarkyata. Wato abin da incaj ke yaƙi da shi a lungu yana cikin kabad ɗinsa, kuma zai ga masu zuwa suna kwaikwayon karkacewar wuya don a rubuta musu. Mabuɗin wannan kabad a aljihunsa ya kamata ya kwana, a ƙirga ƙwaya da safe a ƙirga da yamma. An tashi 'yan magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a farkon 2024 domin a san hanyar da kowane kwali ya bi, to abin kunya ne a ce ɓarakar ta koma ɗakin shan magani na gwamnati.

Mai shaye-shaye

Yawancin mutane sun ɗauka shaye-shaye iskanci ne kawai, maganinsa bulala. Akwai masu farawa don iskancin, amma mai son gaskiya ya je ya tambayi ɗan dako a kasuwa, ko lebura, ko mai tuƙa adaidaita sahu tun asuba har dare don ya cika kuɗin mai abin hawa, zai ji da yawa sun fara shan tiramadol ne don su iya aiki, kamar yadda 'yan acaɓa ke shan gadagi kafin a hana sana'ar a 2013. Tiramadol ɗin da likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100, na bayan fage kuwa har 225 ake samu. Jiki yakan saba, abin da ya isa jiya yau ba ya isa, har a kai matsayin da mutum ba don daɗi yake sha ba, sai don ya tsira daga azabar rashinsa: hamma da hawaye, gumi, ciwon gaɓɓai, gudawa, da daren da ba barci. Wannan azaba takan tsananta cikin 'yan kwanakin farko, ta lafa cikin mako ɗaya ko fiye kaɗan, kuma ana iya sassauta ta da magani a gida in akwai mai kula. Roci da danginsa kuwa hukuncinsu dabam ne: yanke su farat ɗaya na iya jawo jijjiga mai haɗari, sai an riƙa ragewa sannu a hankali a ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya. Masu ilimi sun san ita kanta giya ba rana ɗaya aka haramta ta ba, mataki-mataki hukuncin ya sauka, domin Mahaliccin ɗan Adam ya san ɗabi'ar abin da ya halitta.

Wanke jiki shi ne mai sauƙi. Abin da ke kayar da mutane shi ne wata na biyu da na uku, lokacin da yaro ya koma majalisarsu ta dā, ba sana'a, ba makaranta, gida kuma kowa na kallonsa da ido ɗaya, an kulle akwati. Komawa ruwa abu ne da shugaba zai sa a lissafinsa tun farko, kamar yadda mai hawan jini kan yi sakaci jininsa ya sake hawa, ba a kuma kore shi daga asibiti don haka. Akwai kuma gargaɗi ɗaya da ya wajaba a yi wa kowane iyali: wanda ya daina na wani lokaci, jikinsa ya manta sabon da ya yi, in ya koma ya sha adadin da yake sha a dā, yana iya kwanciya bai tashi ba. Shi ya sa makonnin farko bayan fitowa daga wurin tsarewa sun fi kowane lokaci haɗari.

A nan ne shugaba zai nuna shi madugu ne. Ya san wane tela a Ƙofar Wambai zai karɓi yaro ɗaya, wane maƙeri, wane mai gyaran waya, kuma ya je da ƙafarsa ya roƙa. Dangantakarsa da NDLEA da Hisbah da 'yan sanda kuwa ta mutunci ce da gaisuwa, amma da iyaka a fili: su aikinsu dillali, shi aikinsa majinyaci. Ranar da aka ji an kama wani ta dalilin abin da ya faɗa a ɗakin malamin asibiti, ranar aikin ya mutu a wannan unguwa.

Sarakunan hanya

Kafin majinyaci ya iso asibiti, kusan kullum ya riga ya bi ta hannun malami, kuma bayan ya fita can zai koma. Ma'aikacin da ya buɗe baki ya ce wa dangi ruƙiyya camfi ce ya yi hasarar su duka, ba kuwa tare da wata riba ba. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun gwada wata hanya a Ibadan da Kumasi, aka buga sakamakon a 2020: ma'aikatan asibitin matakin farko suka riƙa zuwa wuraren masu maganin gargajiya da na addu'a suna duba masu ruɗewar hankali suna ba su magani a can, kuma waɗanda aka yi wa haka suka fi samun sauƙi bisa waɗanda aka bari da hanya ɗaya. Yarjejeniyar da za a ƙulla da malamin zaure a Madabo ko Mandawari ba ta da tsawo. A ci gaba da addu'a, a ci gaba da magani. Ba duka, ba sarƙa, ba hana abinci. Kuma in malam ya ga wanda ke faɗuwa, ko mai jego da ta rikice, ya turo. Malamai da yawa sun fi kowa sanin iyakar abin da ke hannunsu, abin da ba sa so shi ne raini. In incaj ya cire takalmi a ƙofar soro ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta malam, shawara na zo nema," rabin aikin ya ƙare.

Haka mai unguwa, wanda ya san gidan da aka kulle wani a ɗaki shekara uku. Haka limamin Juma'a, wanda huɗubarsa ɗaya a kan cewa taɓin hankali ciwo ne kamar kowane ciwo ta fi takardun bango dubu. A Zimbabwe, likita Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata sauraren masu damuwa a kan benci a harabar asibitin unguwa, kuma bincike ya tabbatar da amfanin abin. Mu da muke da unguwarzoma da malaman Islamiyya mata waɗanda ke shiga kowane gida ba sallamar namiji, ba mu da uzurin cewa ba ma'aikata.

Ƙirgar yamma

Rahoton da ake aikawa ofis a ƙarshen wata yakan tambayi mutum nawa aka gani. Tambayar da ta fi wannan amfani, wadda ba kasafai fom ke yin ta ba, ita ce mutum nawa ne ya kamata su dawo ba su dawo ba. Littafi ɗaya ya isa, mai suna da ranar dawowa da lambar wayar wani na kusa, a ajiye shi inda ido ba ya kai. Duk ranar Alhamis, misali, shugaba ya buɗe ya duba wanda ranarsa ta wuce, a buga waya, in ba a samu ba a tura ma'aikaciya ta shiga gidan kamar ta zo duba katin rigakafin yara. Sau da yawa dalilin ƙarami ne: kuɗi ya yanke, ko maganin na sa shi barci a wurin aiki, ko wani kawu ya zo daga ƙauye ya ce a daina. Duk waɗannan suna da gyara in an ji su da wuri.

Ma'aikatan su ma ana ƙirga su. Wanda ya yini yana sauraren baƙin cikin mutane, wani lokaci a zage shi, wani lokaci wanda ya yi wata shida yana wahala a kansa ya koma ruwa, zuciyarsa takan gaji, kuma gajiyar zuciya ita ke haifar da tsawar nan da na ji ta taga. Shugaba ya nema musu likitan ƙwaƙwalwa da zai riƙa zuwa ko sau ɗaya a wata, ko a same shi a waya, a baje masa matsalolin da suka gagara, don kada ma'aikaci ya ji an jefa shi rijiya an janye guga.

In mai karatu ya sami dama ya leƙa irin wannan littafi a shafin masu shaye-shaye, zai ga wani abu da zai ɗaure masa kai. Binciken 2018 ya ce cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye a Nijeriya ɗaya mace ce, amma sunayen da ke shafin kusan duk na maza ne. Matan suna can bayan labule, a gidajen aure da gidajen biki da ɗakunan zawarawa, inda incaj ba shi da ikon shiga, kuma su ba su da ikon fita sai da izini. Yadda kwalba ta ƙetare soro ta shiga cikin gida, da wadda za ta iya bin ta can, shi ne abin da babi na gaba zai ɗauka.